Maganin Tsofaffinmu a Damana

A Damana inda na tashi babu gidan da ake tara tsofaffi a yi jinyarsu, kuma har na bar garin ban taɓa jin wanda ya kawo zancen gina irinsa ba. Garin yana cikin Dallol Boso, tsakanin Baleyara da Filinge, shi ne babban garin Tondikandiya. Galibin mutanensa Zabarmawa ne. Mu Kurfayawa ne, fatauci ya sauko da kakanmu daga Filinge ya zauna. Amma ko da wane harshe mutum yake magana, Zabarmanci ko Hausa ko Fulatanci ko na Buzayen Bonkuku, hukuncin ɗaya ne: wanda ya bar tsohonsa a hannun bare ya jawo wa zuri'arsa abin faɗi. Tsoho a ɗakinsa yake tsufa, nan yake ciwo, nan ake yi masa wankan ƙarshe. Saboda haka aikin da ma'aikatan jinya suke yi da albashi a gidajen tsofaffi na Faransa ko Ingila, a wurinmu matar ɗa ce take yin sa, jikan da ya shiga lakol yana taya ta. A gidanmu matar ɗan ita ce Inna, mahaifiyata, jikan kuwa ni ne.

Tsofaffi biyu muka riƙe daga shekarun 1980 zuwa tsakiyar na 1990. Baba Tsoho, mahaifin babanmu, yana da hawan jini, wanda kowa a garin yake kira tansiyo. Kaka, uwargidansa, gwiwoyi da ƙugu sun hana ta sakat, ido kuma ya fara hazo. Inna ta san komai nasu. Ta san kaurin furar da cikin Baba Tsoho yake karɓa, ta san lokacin fitar da Kaka shan hantsi, ta san yadda ake juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo. Gadon wannan ilimi ta yi, ta ga uwarta tana yi. Abu ɗaya ne ba ta gada ba, don babu wanda za ta gada a wurinsa, shi ne riƙon maganin likita.

Maganin da gidan ya sani tun kaka da kakanni yana rataye a rufin ɗakin Kaka, ƙulli-ƙulli cikin tsummoki. Akwai garin sabara, da sassaƙen marke, da bagaruwa, da saiwoyin da ita kaɗai ta san sunansu, da jar kanwa a ɗan ƙoƙo. Yana da dokokinsa, ana kuwa kiyaye su: yaro ba ya taɓawa, ba a barin sa buɗe, ba a ajiye shi a ƙasa inda za a tsallake. Sai dai magani ne mai haƙuri. Zafi ba ya damun sa, yana shekara biyu a rataye ba a ce ya lalace ba, awonsa tafin hannu ne ko abin da yatsu uku suka ɗauka, kuma in ya yi wa wani amfani sai a ɗebar wa maƙwabci. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu, kuma ga zuma gaskiya suka faɗa. Da ƙwayoyin likita suka shigo gidan, da wannan fahimta aka tarbe su. An girmama su ƙwarai, amma riƙon sassaƙe aka yi musu.

Mazauninsu gwangwanin madarar Nido ne da murfinsa ya fara tsatsa. Har yau ina ganin cikinsa. Ga nibakin, maganin zazzaɓi mai ɗaci, ƙulle a leda. Ga asfirin. Ga kafso ja-da-rawaya wanda ake ɓarewa a zazzaga a kan gyambo, ko a sha don zawo. Ga fararen ƙwayoyi iri-iri naɗe cikin yagaggen shafin littafin lakol, ba suna ba kwanan wata. Ga kwalbar maganin ɗigawa a ido da aka buɗe tun wata damina, alhali irinsa in an buɗe bai kamata ya wuce wata ɗaya ba. Har da 'yar kwalbar allura guda da ba wanda ya tuna abin da ya kawo ta. Gwangwanin yana zaune a kan bango, daf da rufi, a ɗakin kwanon da Baffa ya gina wa Baba Tsoho da kuɗin Abijan. An zaɓi wurin ne don hannun yara ba ya kaiwa, kuma tunani ne mai kyau, domin nibakin 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kashe ƙaramin yaro. To amma duk faɗin gidan babu inda ya kai nan zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ko a inuwa zafi yake wuce digiri 40, wanda ya sauko da gwangwanin da azahar sai ya riƙe shi da bakin riga. A jikin kwalayen kuwa, waɗanda aka daɗe da yarwa, an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, nesa da haske da danshi. Damina ma takan zo da nata. Kafso ya mammanne da juna, asfirin ya riƙa fitar da wani tsamin wari, alamar ya fara rugujewa ke nan. Kaka takan sansana ta ce ƙarfinsa ne ya fito.

Ni ne mai karatun gidan. Tun ina aji uku Kaka takan ɗaga murya daga ɗaki: "Maigida, zo ka duba mini wannan, na gwiwa ne ko na zazzaɓi?" Na iya karanta Faransancin da ke jikin ordonansi, wato takardar likita, na san safe da rana da dare. Amma ƙwayar da aka raba da kwalinta ba ta da abin karantawa, sai launi da girma. Fara mai tsaga a tsakiya tana iya zama ta zazzaɓi, tana iya zama ta tansiyo.

Wanda ya fi kowa gane wannan matsala shi ne majo, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da gidan likitan garin a wancan zamani, Allah ya saka masa da alheri ko yana raye ko ya riga mu. Ya lura cewa agogo ba ya aiki a kan tsofaffi, sai ya koma ɗaura magani da salla. Yakan ja kara ɗaya ko biyu da biro a jikin takarda, ya ce: "Baba, wannan bayan asuba, wannan bayan isha'i. Ko kan ya daina ciwo kar a bari." A ɗakinsa akwai firigo mai aiki da kananzir na alluran rigakafin yara, da takarda manne a ƙofarsa inda ake rubuta sanyin cikinsa safe da yamma. Ke nan ilimin adana magani yana cikin garin, tsakaninsa da gidanmu 'yar tafiya ce a ƙafa. Amma don allurar jarirai aka kawo shi, ba wanda aka ɗora wa kai shi ga matan da ke riƙe da maganin tsofaffi. Majo mutum ɗaya ne, layin masu goyo kuwa tun safe yake kaiwa bakin ƙofa.

Sai zamani ya juya. A 1987, shekarar da Shugaba Seyni Kunce, ɗan Fandu da ke kusa da mu, ya rasu, ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin da majinyaci zai riƙa biyan wani abu don magani ya daina yankewa a ƙananan asibitoci. Nijar ta mayar da shi doka a 1995. Kafin nan, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Shagunan ONPPC, hukumar gwamnati da ke shigo da magani tun 1962, a manyan garuruwa suke. Talakan ƙauye sai ya juya ga masu talla. Ranar kasuwa za ka gan su, faranti a ka ko akwati a bayan keke, ƙwayoyi kala-kala suna gasuwa a rana tun hantsi har la'asar, galibinsu ta Najeriya suka shigo. Ba a sayen kwali, na dala biyar ake saya, na dala goma. Ba na zagin masu tallan nan, 'ya'yan mutane ne masu neman abin kai wa baki, kuma sau da yawa su kaɗai ne suke isa ƙauyen da majo bai taɓa takawa ba. Amma da hoton jikin kwali suke sanin aikin magani, kuma tsofaffi ne manyan masu ciniki da su, tunda jikin tsoho kullum akwai inda yake ciwo.

Cikin wannan hali ne Kaka ta kusa tafiya. Gwiwa ta matsa mata a wani hunturu. An ba ta magani a gidan likita. Baffa ya aiko da wani daga Abijan cikin tsaraba. Wata ƙawarta kuma ta kawo mata na mai talla, mai hoton mutum dafe da ƙugu. Duka ukun take sha, sau da yawa tun ba ta karya kumallo ba, domin a ganinta uku sun fi ɗaya. Bayan 'yan makonni ta fara kukan zafi a bakin ciki, bayan-gidanta ya koma baƙi ƙirin, tafin hannunta ya yi fari fat. Inna ce ta lura, don ita ke fitar da fo kowace safiya. Aka ɗora ta a amalanke sai gidan likita.

Majo ya ja fatar idonta ya duba, ya juya wurin Inna ya ce: "Uwargida, koma gida ki kawo mini duk abin da take sha. Kar ki bar ko ƙulli ɗaya." Da gwangwanin ya iso sai ya zazzage shi a kan teburi, ya riƙa warewa da bakin biro. Ya fitar da uku da ke cikin takardarsu ta azurfa ya jera: ibuprofen, indometacin, diclofenac. Sunaye uku, dangi ɗaya. Kowannensu yana cin bangon ciki, yana wahalar da ƙoda, yana iya ɗaga jini, balle a haɗa su a cikin tsohuwar da ba ta ci komai ba. Sauran kuwa, duk wanda ba shi da suna, da wanda ya canza launi, da wanda ya manne, ya tura su gefe, sun fi rabin gwangwanin. Kaka tana kwance ta ce: "Ɗana, kuɗi fa aka sa." Ya ce: "Na sani, Iya. Amma waɗannan sun mutu, waɗannan kuma su suka kwantar da ke." Aka wuce da ita Filinge, ta yi kwanaki, Allah ya sa ta dawo da ƙafarta.

Na girma, na shiga manyan asibitocin Yamai, na ga na'urori masu tsada, amma ban ga aikin likita da ya kai wannan zazzage gwangwani amfani ga tsoho ba. Bai ci ko dala ba. Teburi ne, da biro, da mutumin da ya san abin da yake kallo.

Baba Tsoho bai samu wannan sa'a ba, kuma nasa ya fi wuyar ganewa, domin maganinsa mai kyau ne, daga hannun likita ya fito. Ya ɗauki tansiyo a matsayin ciwon kai: in ƙeya ta yi nauyi ya sha, in ta sake shi ya ajiye don gaba. Abokinsa na ƙofar masallaci in ya yi kukan irin ciwon, sai ya laluba aljihu ya ba shi biyu, karamci ne a wurinsa, rowar magani kuwa abin kunya. Akwai wata 'yar ƙwaya, Lasilix, mai sa fitsari, ita ya fi ƙi, don ba ta barin sa da alwala tsakanin azahar da la'asar. Bai taɓa faɗa wa majo wannan dalili ba, ba a kuma tambaye shi ba. Da azumi sai ya haɗa na safe da na dare ya haɗiye a shan ruwa, ya tashi tarawihi jiri na ɗibar sa. Kunun kanwa kuma bai bari ba, alhali kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen ɗaga jini. Ba wanda ya gaya mana cewa ƙoda da hantar tsoho sun rage sauri, abin da jikin saurayi zai fitar cikin yini yana iya kwana a nasa, shi ya sa awo da lokaci suka fi muhimmanci a gare shi fiye da kowa. A 1995 ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ajali na Allah ne, ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma na yi imani da an zauna da shi da Inna an yi musu bayani da harshen da suke ji, da watannin da ya yi a kwance ba su zo da wuri haka ba.

Shekarar ce kuma ta babbar annobar sanƙarau, wadda ta kama mutum fiye da 40,000 a Nijar. Cikin alluran rigakafin da suka zo gudunmawa daga Najeriya aka gano na jabu, bayan an riga an yi wa kimanin mutum 60,000 allurar da babu magani a cikinta. Labarin ya iso har rumfunan kasuwarmu, kuma ɓarnarsa ta wuce ta annobar daɗewa, domin tsofaffi suka ce to ai na likitan ma ba tabbas, me ya raba shi da na faranti? A 2015 aka sake kama jabun allurar sanƙarau a ƙasar. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. Wannan lissafin na abin da ke kasuwa ne, bai haɗa da mai kyan da ya lalace a ƙarƙashin kwanon gidajenmu ba.

Da Baba Tsoho ya rasu, bayan an yi sadakar bakwai, aka raba tufafinsa, aka raba sauran maganinsa ma. Ba a zubar da abin da mamaci ya bari in yana da amfani, sadaka ce mai bin sa. Maganin tansiyonsa ya tafi gidaje biyu, wurin mutanen da ba wanda ya taɓa auna jininsu.

Daga baya na karanta yadda ake yi a gidajen tsofaffi na Turai. Magani yana cikin kabad mai makulli, kowane tsoho da takardarsa, duk ƙwayar da aka ba shi sai an sa hannu, firigo da awon sanyinsa kullum, abin da ya rage a mayar wa farmasi. Duk da haka wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2009, kan tsofaffi 256 a gidaje 55, ya gano cewa kusan bakwai cikin goma an yi musu kuskure aƙalla ɗaya a maganinsu, kuma kowannensu yana shan iri takwas a matsakaici. Wannan ya ƙara mini ganin girman Inna, wadda ba ta shiga aji ba, ba makulli ba takarda. Ya kuma tabbatar mini cewa ba gini ne ya rage mana ba. Masu ganin mafita ita ce a gina gidan tsofaffi a Filinge ba su san Kurfayawa ba, ba wanda zai kai uwarsa. Masu jinyar muna da su a kowane gida, ba su tashi daga aiki, suna kuma son majinyacinsu. Koyarwa ce ba su samu ba.

In aka koya musu kuwa suna riƙewa. Da ciwon sukari ya kama Gwaggo har ta kai ga allurar insulin, wadda ƙa'idarta a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 8 kafin a buɗe, 'yarta ta sa ƙaramar tukunya cikin babba, ta cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a inuwa inda iska ke bi. Kwalbar tana cikin busasshen ƙoƙo, ruwa ba ya taɓa ta. Dabarar da Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa don adana tumatir da yalo ce, har ya samu kyautar Rolex a 2000. A 2021 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF da jami'ar Janeba suka nuna, da awon zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, cewa insulin yana riƙe ƙarfinsa makonni huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 zuwa 37. Tukunyar 'yar Gwaggo tana cikin wannan iyaka, aljihun riga da bangon ɗakin kwano ba su ciki. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, ta rufe iyakoki, kayan magani suka maƙale a tashar jiragen ruwan Kwatano, Najeriya ta yanke wuta, masu firigo a Yamai ma sun koma neman tukunya.

Yanzu Inna ce tsohuwar gidan, ita ma da tansiyo, matar ƙanena ke riƙon ta. Zamanin ya fi namu wuya ta wani fanni. A farkon 2020 aka hana hawan babur a sassa da yawa na jihar Tilaberi saboda rashin tsaro, zuwa Filinge ko Baleyara ya zama sai da shiri, don haka in an samu mai zuwa Yamai na wata uku ake sayowa lokaci ɗaya. Maganin da zai yi wata uku a gida kuwa, inda aka ajiye shi ne zai nuna ko na watan ƙarshe zai yi aiki. Nata yana cikin akwatin katako mai kwaɗo, a ƙarƙashin gado, a ɗakin laka. Ba a ɓare ƙwaya daga takardarta sai lokacin sha. Akwai littafin lakol da jikarta take ja wa kara bayan asuba da bayan isha'i. Duk zuwa awo da akwatin ake tafiya gaba ɗaya, har da na tsaraba. Inna ce ta kafa wannan doka, daga abin da ta gani a teburin majo.

Gida ɗaya ke nan. Maƙwabtanmu ba su tsaya a gaban wancan teburi ba, kuma ban ga dalilin da sai tsohuwa ta zubar da jini kafin a koya wa surukarta abin da ba ya cin rabin awa ba. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da na awon ciki, kuma daidai ne, ƙasar yara ce, waɗanda suka haura 65 ba su kai uku cikin ɗari ba. Wakilan lafiya na unguwa suna shiga gidanmu da damina, su ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, su auna damtsensu, su gaida Inna a ƙofar ɗakinta da ladabi. A duk zuwansu da na gani, ba wanda ya tambayi me take sha, wa yake ba ta, ko a ina ake ajiyewa.